Yaushe Ya Kamata A Ɗaura Wa Dukushi Sirdi?

Masu kiwon dawaki sun daɗe suna jayayya a kan lokacin da ya dace a fara hawan dukushi. Wasu na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka da ya cika shekara 2 sai sirdi. Wasu kuwa na ganin sauri kan haifi nawa. Ilmin halittar dabbobi ya fi goyon bayan masu haƙuri, kuma hujjarsa tana cikin ƙashi.

A kusa da ƙarshen kowane ƙashi mai tsawo akwai wani faifai na guringuntsi, wanda daga nan ne ƙashin ke ƙara tsawo. Idan girma ya kammala, sai faifan ya ƙanƙare ya zama ƙashi sosai. A jikin doki wannan aiki daga ƙasa yake farawa ya yi sama. Ƙasusuwan da ke kusa da kofato kan gama kafin shekara 1, na saman gwiwar ƙafar gaba wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi, amma na gadon baya sai doki ya kai shekara 5 ko 6. To, a kan wannan gadon baya ne mahayi ke zama. Ke nan dukushi kan yi tsawon manya alhali bayansa bai ƙosa ba.

Mai musu zai ce ai a Ingila da Amurka ana sukuwa da dawaki 'yan shekara 2, kuma gasar Dabi ta Efsom, wadda aka fara a 1780, ta 'yan shekara 3 ce. Haka ne, amma mahayansu marasa nauyi ne ƙwarai, sirdinsu ɗan ƙarami, tseren kuma na 'yan mintoci. Wannan ya sha bamban da dokin hawan salla a Kano ko Katsina, mai ɗaukar ƙaton sirdi da kayan ado, wani lokaci har da lifidi, ya yini cikin rana. A shahararriyar makarantar horon dawaki ta birnin Biyana kuwa, sai ingarma ya kai kimanin shekara 4 ake fara horar da shi.

Jinkirta hawa ba ya nufin a bar dukushi ɗaure a turke. Tun a 1892 likitan nan na Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana ƙara ƙarfi gwargwadon aikin da yake yi. Don haka guje-guje a fili da ja da ragama suna gina shi, kuma a lokacin ne zai saba da hannun mutum da linzami.

Abin da ya fi dacewa shi ne a bi mataki-mataki: horo a ƙasa har shekara 3, sannan sirdi da mahayi mara nauyi na ɗan lokaci, kilisa sosai a shekara 4, sukuwa da kaya masu nauyi sai bayan shekara 5. Wanda bai san ranar haihuwar dokinsa ba ya duba haƙoran gaba: na tsakiya kan yi famfara a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi.

Doki mai samun kulawa yakan rayu shekara 25 ko fiye. Ashe kuwa ba dabara ba ce a lalata bayansa don gudun jiran shekara ɗaya ko biyu.