MU LEƘA SAMA: Da Bahaushe aka tura, da Dathon bai mutu ba!

Yau daga nan Gozaki za mu cilla sararin samaniya, cikin shirin talabijin na Amurka, Star Trek: The Next Generation, kashin Darmok na 1991.

Kyaftin Picard na jirgin Enterprise ya gamu da wasu halittu waɗanda na'urar tafinta ke fassara kalmominsu, amma ba a gane nufinsu. Sai kyaftinsu Dathon ya sa aka sauke su su biyu a wata duniya mai dodo, ya miƙa wa Picard wuƙa. Gogan ya zaci faɗa ake nema, ashe haɗin kai ne. Ana tsakiyar artabu da dodon, Riker ya sa a janyo maigidansa da na'ura, ta riƙe shi, dodo ya yi wa Dathon raunin ajali. Wallahi abin tausayi!

Ga hasashena: mutanen nan da labaran kakanninsu suke zance, kamar ka ce "Bayajida a bakin Kusugu". Ɗan Daura ya san jarumta ake nufi, baƙo kuwa sai ido. Wanda ya tashi cikin karin magana, a daren farko zai harbo jirgin Dathon, su shirya wa dodo tun da wuri.

Furodusoshinmu masu cewa irin wannan fim sai da miliyoyi, ku duba: zuciyar labarin mutum biyu ne, wuta da wuƙaƙe. Dajin Malumfashi zuwa Funtua bai isa lokeshin ba?

Sai wata na gaba.