Jadawalin Abinci: Abin Saye Ne Ko Abin Koyo?

A shekarar 2007 aka fara wata sana'a a ƙasar Suwidin, wadda daga baya ta bazu a Turai da Amurka. Iyali su biya kuɗi duk mako, kamfani kuma ya tsara musu abin da za su ci, ya auno cefanen daidai da yawan mutanen gidan, ya haɗa da takardar yadda za a dafa, ya kawo har ƙofa. Da wannan ne kamfanin HelloFresh, wanda aka kafa a Jamus a 2011, ya yi suna. Nama da ganye dai akwai su a kasuwa. Abin da ake saya shi ne a ɗauke wa mutum tunanin abin da za a ɗora yau, a kuma tabbatar abincin mako ya ƙunshi duk abin da jiki ke bukata.

Rabin wannan dabara ba baƙo ba ne a Birnin Kudu. Ma'aikacin da aka turo Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ko malamin da ya baro iyalinsa a Kano, yakan yi ciniki da wata mai abinci, a riƙa aiko masa da kwano rana da dare, ya biya a ƙarshen wata. Sai dai cinikin na ƙoshi ne. Da wuya a ji an tambayi sau nawa wake zai shiga kwanon a mako. Wato an sami sauƙin, an bar tsarin, alhali tsarin ne ya fi daraja, kuma shi ne ba ya bukatar kamfani.

Maganar ba ta ƙawa ba ce. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, yayin da adadin ƙasa baki ɗaya yake kashi 37. Wannan kuwa a jihar da ake noma gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi! Talauci da cututtuka suna da hannu ƙwarai. Amma akwai kuma gidajen da rumbu cike yake, sai dai tuwon jiya shi ne ɗumamen safe, fura da rana, tuwo kuma da dare. Hatsi ke nan sau uku.

Ga inda kimiyya ta shigo. Furotin ɗin gero da dawa yana da ƙarancin wani sinadari mai suna laisin, wanda jiki ba ya iya ƙera shi da kansa. Wake kuwa yana da shi da yawa. Shi ma wake yana da nasa giɓin, hatsi ne ke cike shi. Saboda haka garau-garau, ko koko da ƙosai, ba abincin rashi ba ne, haɗi ne mai ma'ana. Haka nan sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganyaye ya fi shiga jini idan an haɗa da abu mai bitamin C, kamar lemon tsami ko ɗanyen tumatir a kwaɗon zogale, shayi kuma yana rage shigarsa idan aka kora da shi nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, ga shi kuwa dunƙulen da ya ture daddawa a tukwane da yawa kusan rabinsa gishiri ne.

To, me ya hana tsarin? A galibin gidaje maigida ne mai cefane, uwargida ce mai girki. Inda akwai kishiya kuma girkin yana zagayawa. Shi yana sayo abin da ya tarar da araha, ita tana dafa abin da aka kawo, babu wanda yake kallon mako sukutum. Wani zai ce wanda bai san abin da zai samu gobe ba, ina shi ina jadawali? Akwai gaskiya a nan, domin takarda ba ta sayen kifi. Sai dai mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi cutuwa da sayen ƙwarya-ƙwarya. Mudun wake da aka saya da kaka a kasuwar Sara ta Gwaram, da kuɓewa da rama da aka shanya lokacin yalwa, su ne ke riƙe miya a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa.

Jadawalin da zai yi aiki a nan dole ya bi kaka da bazara da ranar kasuwa, ya kuma tuna cewa ba kowane gida ke da firji ba. Babu kamfanin waje da zai rubuta shi, amma ɗan aji biyu na babbar sakandare zai iya. Malamin nazarin halittu ya sa kowane ɗalibi ya rubuta abin da aka ci a gidansu kwana bakwai, ba tare da suna ba, don kada a kunyata kowa. A aji a ƙirga kwana nawa aka ci wake ko gyaɗa, kwana nawa ganye, kwana nawa kifi ko ƙwai ko nono. Daga nan a zana sabon mako da kuɗin cefanen da aka saba kashewa, a kai gida, a karanta wa Baba da Inna a zama ɗaya.