Tawakkali Ba Ya Hana Shan Magani

A tagar ba da magani, tambayar da na fi ji daga bakin wanda aka shaida wa yana da hawan jini ko ciwon sukari ita ce: "Likita, har zuwa yaushe zan sha?" Idan na ce mai yiwuwa ne har ƙarshen rayuwa, sai fuska ta sauya. Nan take mutum ke tuna gonarsa, da 'ya'yansa, da abin da ke aljihunsa.

Mutanen Taura ba sa buƙatar a koya musu cewa gobe ba a hannun ɗan'adam take ba. Mun ga ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki a Jigawa, mun kuma ga gobarar tankar mai a Majiya a daren 15 ga Oktoba 2024, wadda ta hallaka fiye da mutum 150. Dogaro ga Allah ne ya riƙe zukatan da suka tsallake waɗannan jarrabawa. Abin da ke damuna shi ne yadda wasunmu ke juya wannan dogaro ya zama dalilin ajiye magani.

Akwai wani dattijo manomi daga wajen Gujungu da na taɓa bai wa amlodipine na wata guda. Da na yi masa bayani, sai ya ce: "Ɗana, na bar wa Allah." Ya sha na wata ɗaya, ya ji garau, ya daina. Bayan wata biyar 'ya'yansa suka kawo shi a kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Babban ɗan ya ce mini: "Haka Allah ya ƙaddara." Na ce gaskiya ne, amma maganin da aka bari a ƙarƙashin matashi shi ma cikin ƙaddarar Allah yake.

Addininmu bai raba tawakkali da riƙon sababi ba. Sanannen abu ne cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya ɗaure ta sannan ya dogara. Haka kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, bai kuma ɗauki hakan a matsayin raunin imani ba. Manomin da ya yi shuka kafin ya roƙi ruwa ya fahimci wannan sarai.

Hawan jini ciwo ne mai ɓoyewa. Awo zai iya wuce 140 bisa 90 mutum na tafiyarsa lafiya, alhali zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa na lalacewa sannu a hankali. Ƙwayar ba ta kawar da ciwon, riƙe shi take yi. Idan aka daina, jinin ya sake hawa. Saboda haka jin sauƙi alama ce cewa magani na aiki, ba alamar warkewa ba.

Na san akwai masu daina sha ba don ganganci ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 darajar naira kuma ta faɗi, farashin magani ya tashi ƙwarai. Wani kan raba ƙwaya biyu, wani kan sha yau ya tsallake gobe. Ba na zargin kowa, amma ina roƙon kada a yi wannan a ɓoye. Ku faɗa wa mai ba da magani halin da kuke ciki. Sau da yawa akwai wani samfurin mai sinadari iri ɗaya da ya fi araha, matuƙar yana ɗauke da lambar NAFDAC. Ku tambaya a asibiti ko kun cancanci shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. Ku dawo karɓar sabo tun da sauran na mako guda a hannu. Idan kuma baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, a garzaya asibiti a wannan sa'ar, kada a tsaya shafa man zafi.

Iyalai ma suna da nasu kason. A samu mutum ɗaya a gida da zai riƙa tuna wa Baba ko Inna, a haɗa shan maganin da wani lokaci tabbatacce, kamar bayan sallar asuba. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a tukunyar kowa, domin kada mara lafiya ya ji an ware shi.

Babu likitan da zai iya ba ka tabbacin gobe, ni ma ba ni da shi. Abin da ke hannunka shi ne ƙwayar yau. Ka yi bismillah ka sha, ka bar wa Allah sauran. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa.