Ba Kowace Hanya Ce Sai Da Kwalta Mai Kauri Ba

Duk shekara da damina ta kankama, hotuna iri ɗaya ne ke yawo a Facebook: a-daidaita-sahu ta kafe a taɓo, yara sun tuɓe takalma za su makaranta, an ɗauko mai naƙuda a amalanke don mota ba ta iya shiga. Sai kowa ya rubuta, "muna kira ga mai girma gwamna ya zuba mana kwalta." Kiran ba laifi ba ne. Amma jama'a mu faɗa wa juna gaskiya, in dai irin kwaltar manyan tituna muke jira a kowane lungu da ƙauye, to jikokinmu ma za su gaji wannan jiran.

Mafi yawan kwaltar da ake aiki da ita a Najeriya daga waje ake shigo da ita, da dala. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, ga tsadar man injuna, kuɗin kowace kilomita ya yi tashin gwauron zabi. Alhali hanyar da babura da motar ɗaukar hatsi ke bi ba ta buƙatar abin da hanyar Kano zuwa Kaduna ke buƙata.

Abu na farko, ruwa ne ke cin hanya, ba taya ba. Hanyar burji da aka yi mata doro a tsakiya, aka daɓe ta da rola, aka yi mata lambatu da kwalbati, ta fi kwaltar da aka shimfiɗa ba magudana. Sau nawa muka ga sabuwar kwalta ta fashe bayan damina biyu? Ku duba gefenta, yawanci ruwa ne ya rasa hanyar wucewa.

Na biyu, kwaltar feshi. A daɓe burji, a fesa kwalta sama-sama, a watsa tsakuwa, rola ta bi ta kai. Tsofaffin hanyoyinmu da yawa haka aka yi su. Akwai ma wani salon nata da aka ƙirƙiro a Norway a shekarun 1960, wanda ke karɓar tsakuwar da aka samu a kusa ko ba a tace ta sosai ba, kuma Botswana ta daɗe tana amfani da shi a hanyoyin karkara.

Na uku, intalok. Wanda ya je Yamai ko Damagaram ko Kwatano ya ga tituna da aka jera da bulon siminti, su a can "pabe" suke ce masa. Siminti namu ne, yashi namu ne, masu buga bulo da magina 'yan unguwa ne. In bututun ruwa ya fashe a ƙasa, a ɗaga bulon a gyara a mayar, ba sai an farfasa titi an bar rami ba.

Na huɗu, dutse. A Habasha, birane irin su Adis Ababa da Adama sun shimfiɗa lungunansu da sassaƙaƙƙen dutse, matasa da mata masu yawa suka samu abin yi. Mu da ke da duwatsu a Dutse, Bauci, Kwatarkwashi da Jos, me ya hana?

Kada a ce na ce waɗannan ba su da matsala. Inda tirela da tifa ke bi kullum, sai dai cikakken aiki. Intalok kuma in aka yi ha'incin siminti, ko ba a daɓe ƙasan ba, ko ba a ɗaure gefensa da kankare ba, watsewa zai yi. Burji yana son a riƙa bi da gireda. Araha ba ta hana kulawa.

To me ya sa ba a cika yi ba? A ganina, ƙaramin aiki ba ya ɗaukar hoto, kuma ba ya da romo. Kwangilar biliyoyi ita ke da allon sanarwa da yanka ƙyalle. Kuɗin gyara kuwa, duk wanda ya san kasafi ya san shi ake fara zaftarewa.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina da gyaran irin waɗannan hanyoyi da magudanansu. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai-tsaye. Saboda haka mu daina tsallake ciyaman da kansila muna kiran gwamna kaɗai. Mu tambaye su: kilomita nawa za a yi bana, da wane salo, nawa ne kuɗin, wa zai kula da ita bayan an gama?

Mu ma da namu. Ba zai yiwu mu cika lambatu da shara da leda, sannan mu zo muna zagin hukuma ba. A dawo da aikin gayya kafin ruwan farko.

Da jiran kwaltar da ba ranar zuwanta, gara kilomita biyar ta burji mai kyau a bana. Ku a yankinku wanne zai fi dacewa? Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da aka yi mana.