Murjanin Teku da Kifin Gulbin Rima

 Ina so mu yi magana yau bisa kuɗin da gwamnatocin duniya ke warewa don tsare murjani cikin teku, sa'an nan mu dubo abin da ya shafe mu a ciki, mu da ke zaune Sakkwato, nesa ƙwarai da bakin teku.

Murjani ba baƙo ba ne gare mu. Mai karatu ya same shi sau biyu cikin Suratur Rahman, kuma Jalalaini ya kawo masa fassara biyu, ko jan dutsen ado ko ƙananan lu'ulu'u. Ɗan kasuwa kuwa ya san shi cikin adon mata, gama fatake sun daɗe suna kawo shi ta hamada, daga Tarabulus da Gadamas har Kano, domin daga Bahar Rum ake tsamo jan nan. Yau dai mafi yawan abin da ake kira murjani a kasuwa kwalba ce ko roba, wannan kuwa masu sayar da shi sun fi kowa sani. Malaman da sun ajiye murjani tsakanin dutse da tsiro. Masu binciken zamani sunka gano dabba ce 'yar ƙanƙanuwa, wadda ke gina wa kanta ɗaki mai tauri kamar dutse, ta mutu, na bayanta su gina bisa nata, har bayan shekaru dubbai abin ya zama tudu cikin ruwa. Ja na ado dangi guda ne, mai gina tudu kuwa wani dangi ne da ke son ruwa mai ɗumi, kamar Bahar Maliya inda alhazanmu na da ke ƙetarawa daga Sawakin zuwa Jidda.

Tudun nan duka bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in ire-iren halittun teku nan suke samun mafaka da abinci, nan kifi ke haihuwa, nan 'ya'yansa ke ɓuya har su yi ƙwari. Cikin jikin dabbar akwai wani ɗan tsiro da ke ciyar da ita. In ruwa ya yi zafi ya wuce kima sai ta fitar da shi, ta yi fari fat, in zafin ya daɗe ta mutu da yunwa. Wani rahoto da masana na ƙasashe da yawa sunka fitar cikin 2021 ya ce tsakanin 2009 da 2018 kashi 14 cikin 100 na murjanin duniya ya halaka.

Shi ya sa anka buɗe baitulmali. Amurka ta yi doka cikin 2000 ta ba da taimakon kuɗi ga masu aikin tsare murjani, da sharaɗin cewa, in ba an ɗauke wa mutum ba, gwamnati rabi za ta biya, mai nema ya kawo rabi. Cikin 2020 anka kafa asusun duniya na murjani tare da Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma wanda ya fi kamata mu kula da shi labarin Ostareliya ne. Cikin 2018 gwamnatin ƙasar ta ɗauki dalarta miliyan 443 ta miƙa wa wata ƙungiya guda mai ma'aikata shida na dindindin, ba tare da an yi shela kowa ya nema ba, don ta tsare babban tudun murjaninsu mai tsawon kilomita 2,300. Mutanen ƙasar ba su yi shiru ba. Majalisar dattawa ta zauna bincike, mai binciken kuɗin gwamnati ya rubuta rahoto, jaridu sunka yi ta tambaya wata da watanni. Ba wanda ya yi musun cewa murjani na bukatar kuɗin, abin da anka yi gardama a kai shi ne hannun da anka danƙa wa da yadda anka danƙa.

To, gaɓar tekun Nijeriya ba ta da irin waɗanga tuddai, gama lakar da Kwara da sauran koguna ke zubawa ba ta barin su rayu. Saboda haka in wani ya zo muku da takarda ya ce ku biya kuɗin cikewa za a samo muku rabo daga kuɗin murjani, ku riƙe aljihunku.

Abin da tudun murjani yake ga kifin teku, shi fadama take ga kifin gulbi. Duk masunci ya san in ruwa ya cika da damina ya malala bisa fadamar Rima, tarwaɗa da karfasa da bargi da sauransu suna bin sa cikin ciyawa su zuba ƙwai, 'ya'yan su girma inda giwan ruwa ba ya iya bin su, in ruwa ya fara janyewa su komo gulbi ko su tsaya cikin tafkuna irin na Kware. Wagga hanya ce ta ciyar da Sarkawa da Kabawa tun kaka da kakanni, ita ce kuma ta cika kasuwa da banda.

Cikin 1978 anka gama madatsar Bakalori bisa Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, cikin 1984 kuma ta Goronyo bisa Rima. Ba na cikin masu zagin madatsa, gama ruwan da birnin Sakkwato ke sha da rani ya dogara ƙwarai ga Goronyo. Amma madatsa tana riƙe cikar damina, in ta riƙe kuwa fadama ba ta jiƙa kamar da. Wani Bature mai bincike, Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakalori, ya buga abin da ya gani cikin 1985: manoman shinkafa sun koma gero da dawa, kifi ya ragu, masunta da yawa sun tafi cin rani wasu ruwaye. Wata shekara ruwan ya yi yawa, kamar 2010 da ambaliya ta cinye garuruwa ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wata shekara ya yi kaɗan, kamar 2018 da ruwan Goronyo ya ja baya har ya saura misalin ushurin abin da take ɗauka. Bisa wannan kuma ga ɓarnar hannunmu: masu zuba gamalin cikin tafki su kwashe babba da ƙarami, da masu mai da gidan sauro taru, ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai yatsa ba. Dokar su ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana kamun kifi da guba da nakiya da lantarki, amma doka a takarda ba ta tsaron tafki da dare.

Yanzu ga maganar kuɗi. Tun 1981 Nijeriya ke da asusun gyaran muhalli, wanda ake cirewa daga baitulmalin tarayya, kashi 1 cikin 100 da farko, anka mai da shi 2 cikin 1992, kuma jihohi da ƙananan hukumomi suna da nasu rabo a ciki, har da 23 na Jihar Sakkwato. Cikin 2015 anka kafa hukumar shingen itatuwa ta tsare hamada, Sakkwato na cikin jihohi 11 da aikinta ya shafa. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya yarda da dala miliyan 700 don shirin da ake kira ACReSAL, na jihohin Arewa 19 da Abuja, don farfaɗo da ƙasa da magudanan ruwa da fadamu. Ku lura, ya ku 'yan kasuwa, wanga na ƙarshe rance ne. Sharaɗinsa da sauƙi, lokacin biya da nisa, amma wanda bai ci ba ma zai biya, har almajiran da ke gabana yau. Batun kuɗin ruwan da ke kan kuɗin ruwa kuwa, wannan mas'ala ce da ke son zama nata dabam.

Na ji wasu malamai na cewa wannan sha'anin Turawa ne da 'yan boko, arzikin kifi kuwa ba ya ƙarewa. Ina girmama masu faɗar haka, amma littattafan da ke cikin gafakarmu ba su goyi bayansu ba. Babin hima sananne ne cikin fikihu: shugaba ya keɓe wani wuri ya hana amfani da shi don maslahar jama'a. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Malikawa sun sa sharuɗɗa, cewa shugaba ne ke yi, don bukata, kuma wurin ya zama kaɗan yadda ba zai ƙuntata wa mutane ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa Ta'alimur Radi bisa hukuncin matacciyar ƙasa da hanyoyin keɓanta da ita, kalmar hurumi kuma ba yau ta shigo bakin Bahaushe ba.

Akwai wani abu cikin Muwaɗɗa da nake so masu rabon kuɗi su ji. Sa'ad da Sayyidina Umar ya ɗora baransa Hunayyu bisa hima, ya umurce shi ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya tsare garken manyan attajirai irin su Ibnu Aufin da Ibnu Affana, domin attajiri in dabbarsa ta mutu yana da gona da dabino, talaka kuwa sai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba. Ga ganina nan ne asalin amfanin kuɗin taimako. Masunci mai homa guda da gora guda, in ka ce masa ya bar tafki wata uku na damina don kifi ya haihu, me zai kai gida? Bai ƙi gaskiya ba, tukunya ce ba ta jira. In an ba shi abin da zai riƙe iyali cikin watannin hani, ko anka karɓi gidan sauronsa anka ba shi raga mai faɗin ido, to hanin zai tsaya. In kuwa kuɗin ya ƙare ga motoci da tarurruka a masaukin baƙi, sa'an nan anka aiko ɗan doka ya kama shi, to an juya wasiyyar Umar, an shigar da mai garke an kori mai akuya.

Ba mu rasa misali a gida ba. Matan Fada a Argungu hima ce ta ruwa, ko da ba a kira ta haka ba. Ana hana su a wurin shekara duka, Sarkin Ruwa da Homa na tsaye a kai, sai ranar buki a buɗe, ranar ma da homa da gora kaɗai ake shiga. Shi ya sa ake fito da giwan ruwa wanda mutum guda ba ya ɗauka. Bukin a yadda anka san shi yau ya faro ne cikin 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon duniya cikin 2016. Tun kafin a san wani asusu mutane ke jin maganar Sarkin Ruwa, don sun san shi, sun san gidansa.

Wani misalin daga wurin murjani kansa ya fito. Kusa da Pemba ta Zanzibar akwai ɗan tsibiri mai suna Misali, inda masunta Musulmi ke jefa nakiya cikin ruwa, kifi ya taso matacce, tudun murjani ya farfashe. Hanin gwamnati bai yi tasiri ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyar CARE da wata ƙungiyar Musulmi ta Birmingham a Ingila, ƙarƙashin Fazlun Khalid, sunka tara limamai da malaman makarantun allo da shugabannin masunta, anka zauna bisa ayoyin amana da hani ga ɓarna, har daga baya anka rubuta littafin koyarwa da Sawahili. Labarin da ya fito daga can shi ne masunta da yawa sun ajiye nakiya. Kuɗin da anka kashe wajen tara malaman nan ɗan kaɗan ne in an gwada da na jiragen sintiri.

Abin da nake roƙon Gwamnatin Jiha da shugabannin ƙananan hukumomi ba mai wuya ba ne. Duk sa'ad da anka buɗe ƙofar neman wani taimako da ya shafi ruwa da fadama, a yi shelarsa da Hausa, a rediyo da kasuwa da ƙofar hakimi, a rubuta da boko da ajami, gama takardar Turanci da anka liƙa cikin intanet ba ta isa Sarkin Ruwan ƙauye sai wa'adi ya wuce. In an raba, a karanta sunan gari da adadin kuɗi da aikin da anka ce za a yi, gaban dagaci da liman, yadda ake karanta rabon gado. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima kuma ta zauna da masunta da manoman fadama kafin ta tsai da ranar sakin ruwa, domin cikar da ta zo a kan kari ta fi wa kifi amfani da kowane irin kuɗi.

Ku kuma dillalan kifi, akwai naku. Mai gamalin ba ya zubawa sai ya san akwai mai saye, kuma ku kun san kifin guba da ganinsa, kun san kwandon da anka cika da 'yan jarirai. In ƙungiyarku ta yi ittifaƙi ba ta karɓar waɗannan daga shigar damina har kaka, ba a bukatar ko kwabo daga baitulmali. Ƙungiya mai rajista da littafin lissafi kuma ita ce irin wadda masu ba da taimako ke nema, kuma ku ne kunka iya riƙon littafi. Ku sa masuntan da kuke saye gare su cikin rajistar, da sunansu da garinsu da tafkin da suke su, ku kai wa sakataren ƙaramar hukuma tun ruwa bai sauko ba, ku karɓo shaidar cewa ya karɓa.