Ma'aikata, Kada Ku Sa Hannu a Kan Korarku

Ya ku ma'aikatan masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, da 'yan'uwanku na Kakuri a Kaduna, ya ku ma'aikatan banki da malaman makarantun kuɗi, masu gadi da direbobi da masu jinya a asibitoci masu zaman kansu, ku ba ni aron hankalinku.

Kowannenku ya san yadda abin yake faruwa. Ana dab da tashi aiki sai masinja ya leƙo ya ce manaja na kira. Mutum ya shiga ofis ya tarar da mutum uku a zaune, ba wanda ya ce masa ga kujera. A ce kaya sun yi ɓatan dabo a sito, ko lissafin kuɗi bai cika ba, kuma an ce shi ne. Wa ya ce? Ba za a faɗa ba. Sai a turo masa farar takarda da biro, a sassauta murya: "Malam, rufin asirinka muke so. Rubuta takardar ajiye aiki da kanka, kada sunanka ya ɓaci." Hannu na rawa ya rubuta, ya miƙa katin shaidarsa a bakin ƙofa, ya dawo gida ya ce wa iyali abincinsa ne ya ƙare a wurin. Maƙwabta su zo jaje, kowa na cewa a yi haƙuri, arziki na Allah ne.

Arziki na Allah ne, ko shakka babu. Amma Allahn da ya raba arziki shi ne ya haramta zalunci, kuma babu shari'ar da ta yarda a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Wannan takarda da aka sa ka rubuta, kamfani ya rufa wa kansa asiri da ita. Gobe in ka kai ƙara, ita za a fara ɗagawa a ce ai da ƙafarsa ya tafi, ga rubutun hannunsa. Kada ka rubuta! Ka ce cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, a ba ni tuhumar a rubuce, zan amsa a rubuce."

Dokar ƙasa tana bayanka fiye da yadda kake zato. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba lebura ko akawu takardar sharuɗɗan aiki kafin wata uku su wuce. Sashe na 11 ya ƙayyade wa'adin sanarwa kafin a raba gari: mako ɗaya ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye. Dokar ta kuma hana a kori mutum don ya shiga ƙungiyar ƙwadago, sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ma ya ba shi wannan 'yanci. Manyan ma'aikata da wannan doka ba ta ambata ba, takardar ɗaukarsu aiki da kundin ƙa'idojin kamfani su ne makaminsu. Kundin nan da ake raba muku ranar kama aiki ku jefa a durowa, yana ɗaure kamfani kamar yadda yake ɗaure ku. In ya ce sai an yi gargaɗi kafin dakatarwa, ko sai kwamiti ya zauna kafin kora, to tsallake matakin nan saɓa alkawari ne.

In takardar tuhuma ta zo, kada fushi ya sa ka yi shiru, don shirun ne za a rubuta a matsayin amsa laifi. Wani lokaci awa ashirin da huɗu kacal ake bayarwa. In bai isa ba, nemi ƙarin lokaci a rubuce. Amsa abin da aka tambaye ka ɗaya bayan ɗaya, da ranaku da sunayen waɗanda suka shaida, ba zagi, ba kuma dogon ban-haƙuri a kan laifin da ba ka yi ba, domin "a yafe mini" a takarda iƙirari ne. Yi kwafi biyu, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan naka, ka kai shi gida ka adana tare da takardun albashi. Ranar da aka rufe maka ƙofa, duk abin da ka bari a durowar ofis ya fi ƙarfinka.

Ranar zaman kwamitin ladabtarwa kuwa, dubi fuskokin da ke kan teburi. Wanda ya kai ƙararka ba shi da hurumin zama alƙalinka. A nan Arewa aka kafa babbar hujja a kan haka: a 1986 Kotun Ƙoli ta rushe korar da Jami'ar Maiduguri ta yi wa wasu ɗalibai bayan wata tarzoma da aka yi a jami'ar a 1983, kuma cikin dalilanta har da cewa wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Ɗalibai ne su, amma ƙa'idar ɗaya ce. In ka ga mai ƙararka a kujerar hukunci, faɗi ƙorafinka a wurin, ka nemi a rubuta shi. Nemi a nuna maka shaidar da aka dogara da ita, a ba ka damar yi wa mai zarginka tambaya. Nemi wakilin ƙungiya ko abokin aiki ya raka ka. Kada ka sa hannu a bayanin zaman sai ka karanta, in ba ka iya Turanci ba sai wanda ka amince da shi ya fassara maka.

An yanke hukunci bai yi maka ba? Ɗaukaka ƙara zuwa sama cikin kwanakin da kundin ƙa'idojin kamfani ya tanada, kada ka tsaya jiran wani babba ya sa baki har wa'adi ya wuce. In ƙofar cikin gida ta toshe, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiharka, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai rassa a Kano da Kaduna da Jos da Abuja. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta, a sashe na 254C, hurumin sauraron rigingimun aiki da ikon duba kyawawan ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Daga cikinsu akwai Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, wadda ta ce kada a kori ma'aikaci kan halinsa ko aikinsa sai an ba shi damar kare kansa. Najeriya ba ta rattaba mata hannu ba, amma kotun ta sha kafa hujja da ita ta ce a kawo dalilin kora.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halinmu mu da ba a kira ofis ba. Ana jan ɗan'uwanmu kowa ya sunkuyar da kai kan injinsa, wanda ya ga gaskiyar abin da ya faru ya ce shi ba ruwansa, yana da iyali. Wanda ake kora ma yana da iyali! In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ku tsaya shaida, ku raka shi zaman kwamiti. Inda babu ƙungiya ku kafa, inda take akwai ku tilasta wa shugabanninta su bar zaman ofishin manaja su zo su yi aikin da ake cire muku kuɗi duk wata dominsa.

Masu kamfani da manajoji, ba mu ce kada a hukunta ɓarawo ko malalaci ba. A tuhume shi a rubuce, a saurare shi, a sa wanda ba shi da hannu a rigimar ya yi hukunci. Ku kuma ma'aikata, wanda bai da takardar ɗaukar aiki ya je ya nema a wannan makon, mai ita ya ciro ta yau da dare ya karanta tare da kundin ƙa'idoji, gobe ya karanta wa abokin aikinsa da bai iya karatu ba.