Labarin Kafuwar Kano: A Bar Yara Su Karanta, Amma da Sharaɗi

 

Ya ku iyaye da ɗalibai, akwai tambayar da ta cancanci amsa: shin ya halatta ɗan Islamiyya ya karanta ƙagaggen labari a kan mutanen farko da suka zauna Kano, alhali matsafa ne? Amsata ita ce e, amma da sharaɗi.

Mu fara da abin da ke rubuce. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Palmer kuma ya fassara shi da Turanci a 1908, ya ce mutanen farko a gindin dutsen Dala suka zauna. Shugabansu Barbushe, abin bautarsu Tsumburbura. Bisa lissafin Palmer, Bagauda ya zama sarki a 999. Jikansa Gijimasu shi ya fara ginin ganuwa. A zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci. Sai Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina Gidan Rumfa, Shehu Maghili kuma ya rubuta masa littafi a kan yadda sarki Musulmi zai yi mulki.

To, yaron Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni a wajen ganuwa ya tashi. Yana shiga gari ta Ƙofar Nasarawa, bai san wanda ya ɗora tubalin farko ba. Ka jera masa shekarun nan, kafin la'asar ya manta. Amma ba shi labarin wani yaro ɗan maƙeri da ya ga isowar Wangarawa, ya ji kiran sallah karo na farko, ka ga ko zai manta. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce. Tun 1934 Malam Bello Kagara ya fitar da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fitar da Shaihu Umar, duka ƙagaggu ne da aka gina a kan tarihi.

Wani uba zai ce, "Malam, ni ba na so ɗana ya ji sunan gunki." Madalla da wannan kishi. Sai dai Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Adawa da Samudawa da Fir'auna domin mu ɗauki wa'azi. Wanda bai san duhun da kakanninsa suka fito ba, ina zai san girman ni'imar da yake ciki?

Ga sharaɗin. Na farko, marubuci ya faɗa a fili wane ne mutumin tarihi, wane ne na ƙirƙira. Na biyu, kada ya sa wa malami irin su Maghili fatawar da bai yi ba, domin yaro zai haddace ta ya ɗauka addini ce. Mu da muka karanta ilmin hadisi mun san magana ba ta tsayawa sai da isnadi. Na uku, a ba da labarin tsafi yadda yake, ba tare da an yi masa kwalliya ba.

Ku ɗalibai, duk labarin da kuka karanta ku tambayi malaminku: wanne ya faru, wanne aka ƙaga? Ku kuma iyaye, maimakon ƙwace littafi, ku zauna ku karanta tare. Ranar Alhamis da babu makaranta ku kai su Gidan Makama, ku nuna musu Dala da idonsu.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya shiryi zuri'armu, amin.